Shafi mai motsi da jan yatsa: CSS, IntersectionObserver ko GSAP, wanne wayoyin mutanenmu za su ɗauka?

Wata hajiya mai safarar dankalin turawa, kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada ta Jos zuwa Abuja ta aika a kira ni gidanta a Rikkos, lokacin hunturu ya kankama. Bayan mun gaisa sai 'yarta ta ajiye laftof a gabana, ta buɗe shafin Apple na tallar waya. Tana jan shafin ƙasa a hankali, wayar da ke cikin hoton tana juyawa, rubutu yana fitowa layi-layi kamar ana kiransa. Hajiya ta ce, "Ɗana, irin wannan nake so ka yi min. In mutum ya ja, kwandon dankali ya taso, kabeji ya biyo baya, sannan farashi." Na ce, "Ranki ya daɗe, za a yi." Cikin mako biyu na gama, kuma a kwamfutata abin ya yi kyau ƙwarai. Ranar da aka tura linkin a guruf ɗin kwastomominta na WhatsApp, kafin la'asar ta kira ni. Mutum uku sun ce hoto kawai suke gani babu farashi, wani kuma ya ce wayarsa ta yi hankin har sai da ya fita. Na karɓi wayar yaron da ke mata lodi, ƙaramar Android mai ram giga 2, na ja shafin da kaina. Kwandon yana juyawa yana cijewa, farashin kuwa yana nan a ɓoye, yana jiran umarnin da bai iso ba.

Laifin nawa ne. A kwamfuta na gwada, a kwamfuta na gamsu, alhali masu sayen dankalin Hajiya a Kubwa da Nyanya da Gwarinpa da waya suke shigowa. Hanyoyi huɗu ne ake bi a yi irin wannan motsi: kod ɗin JavaScript (yaren da ke ba shafi umarni) da mutum ya rubuta da hannunsa yana sauraron jan shafi, IntersectionObserver (mai sa ido da ke cikin burauza), sabon tsarin CSS (yaren da ke tsara kamannin shafi), da kuma GSAP mai ScrollTrigger (kayan motsi na JavaScript da ake saukewa). Na yi aiki da dukkansu. A laftof mai ƙarfi kusan ba ka iya bambance su, sai ka ɗora su a kan waya mai rauni kowace ke nuna halinta.

Kafin a zaɓa, ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai motsin da ja ke tayarwa kawai: hoto ya shigo allo, ya taso cikin rabin daƙiƙa ya tsaya, ko ka ci gaba da ja ko ka daina. Akwai kuma motsin da ke ɗaure da yatsa: ka ja kaɗan ya matsa kaɗan, ka tsaya ya tsaya, ka koma sama ya koma baya. Siririn layin nan da ke cika a saman shafi yayin da kake karanta dogon labari na biyun ne, haka ma wayar Apple mai juyawa. Na farko ba ya wahalar da waya. Na biyu shi ne mai cin ƙarfi, domin sai an sake lissafinsa duk lokacin da allo ya sabunta. Mafi yawan masu cewa suna son shafi mai motsi, in ka zauna da su ka nuna musu duka biyun, za ka tarar na farkon suke nufi.

Allon waya na yau da kullum yana sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, wato burauza tana da kamar milisakan 16.7 ta gama aikin hoto guda. Wayoyi masu sabuntawa sau 90 ko 120, waɗanda yanzu ake samu har a matsakaitan Tecno da Infinix, sun rage lokacin zuwa milisakan 11 ko 8.3. In aikin ya wuce wa'adinsa sai hoto ɗaya ya faɗi, wannan faɗuwar ita ido ke gani a matsayin cijewa.

Duk wanda ya taɓa shiga Farin Gada da sassafe ya san dillali. Shi ke ciniki, shi ke ƙirga kwanduna, shi ke karɓar kuɗi, shi ke amsa waya, kowa shi yake jira. Haka babban layin aikin burauza yake: a kansa JavaScript ke gudu, a kansa ake lissafin inda kowane rubutu da hoto zai zauna. Sai kuma ɗan dako, wanda aikinsa guda ne, ya ɗauki abin da aka riga aka ɗaure ya kai inda aka nuna masa. Shi ne layin da ke harhaɗa hoton ƙarshe da taimakon na'urar zane ta waya. Jan shafin kansa a hannun ɗan dako yake, shi ya sa shafi ke iya tafiya sumul ko da JavaScript ya shagala. Abubuwan da ɗan dako ke iya motsawa ba tare da ya koma wurin dillali ba kaɗan ne, manyansu biyu: transform, mai matsarwa da juyawa da ƙara girma, da opacity, mai bayyanarwa da dusashewa. Wanda ya motsa top ko left ko width ko height ya mayar da kaya kan dillali, sai an sake lissafin zaman komai. Wannan ƙa'ida ta hau kan hanyoyin huɗu baki ɗaya, kuma wanda ya karya ta babu kayan aikin da zai cece shi.

Tsohuwar hanya

Ita na bi a shafin Hajiya. Ka rubuta kod mai sauraron scroll, duk sanda shafi ya motsa ka tambayi burauza ina kwando yake ta hanyar getBoundingClientRect, ka yi lissafi, ka matsar da shi. Tana aiki kusan a ko'ina, kuma ba ka sauke kayan kowa ba. Amfaninta ya ƙare nan. Ɗan dako ya riga ya ja shafi kafin labari ya isa ga dillali, in kuwa dillali yana tsakiyar wani ciniki sai kwando ya biyo baya a makare. Ga kuma tarkon canzawa da tambaya a jere: ka matsar da abu ɗaya, ka tambayi wurin na biyu, dole burauza ta tsaya ta sake lissafin shafi kafin ta ba ka amsa, in abubuwa ashirin ne sai ta yi sau ashirin. Ana rage ɓarnar da requestAnimationFrame, amma a yau ban ga dalilin da zai sa sabon aiki ya fara daga nan ba.

IntersectionObserver

Wannan ya shigo Chrome 51 a 2016, Firefox 55 a 2017, sannan Safari 12.1 a 2019. Ke nan da wuya ka gamu da wayar zamani a Jos da burauzarta ba ta san shi ba. Kana gaya wa burauza ne: sa min ido a kan wannan hoto, in kashi 20 cikin 100 nasa ya shigo allo ki sanar da ni. Babu tambaya a kowane motsin yatsa. Sau ɗaya ake kiranka, ka liƙa wa hoton kilas na CSS, transition, dokar CSS mai sauya abu a hankali, ya ƙarasa sauran a hannun ɗan dako. Kod ɗin bai fi layi goma sha biyar ba. Da threshold kake faɗin yawan abin da zai shigo kafin a kira ka, da rootMargin kuma kake sa a kira ka tun abin bai iso ba, wanda ke da amfani sosai ga mai wurga shafi da ƙarfi. In hoton ya fito sau ɗaya, a sallame shi da unobserve. Ba na son shafin da ke sake ɓoye abin da mutum ya riga ya karanta don kawai ya koma sama neman lambar waya.

Motsin da ke ɗaure da yatsa ba aikinsa ba ne. Ana iya tilasta shi da jera threshold masu yawa, amma sakamakon tsalle-tsalle ne.

Tarkon da ya fi kowane haɗari yana nan, kuma shi ya ɓoye farashin Hajiya, ko da yake ta wata hanya na faɗa cikinsa. Mai gina shafi yakan rubuta a CSS cewa komai ya fara da opacity sifili, JavaScript ne zai zo ya bayyana shi. To in JavaScript bai zo ba fa? Mutum yana cikin mota tsakanin Akwanga da Keffi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, rubutu da CSS sun sauka, fayil ɗin kod ya maƙale a hanya. Abin da zai gani farin allo ne. Ko kuma yana amfani da Opera Mini a yanayin tsananin tattalin data, inda kwamfutocin kamfanin Opera ke buɗe shafin a can, su matse shi, su aiko wa waya da sakamakon. A wannan yanayi babu mai sauraron jan yatsa a cikin wayar, abin da aka ɓoye zai iya zama a ɓoye har a rufe shafin. Har gobe akwai masu wannan burauza a cikinmu saboda tsadar data, kuma kuɗinsu na sayen dankali daidai yake da na kowa.

Maganin mai sauƙi ne. A rubuta shafin komai a bayyane. JavaScript ɗin da zai bayyana abu, shi da kansa ya fara ɓoye shi bayan ya tabbatar ya tashi. In bai sauka ba, babu wanda ya ɓoye komai, mai saye ya ga kwando da farashi a tsaye cak. Ni kuma yanzu farashi, lambar waya da maɓallin oda ba na sa musu motsi ko kaɗan, kowace hanya na bi.

Sabon tsarin CSS

A Yulin 2023 Chrome da Edge 115 suka kawo abin da aka daɗe ana jira. Keyframes, wato matakan motsi da ake rubutawa a CSS, suna nan yadda suke, abin da ya canza shi ne ma'auni: maimakon agogo ya tafiyar da motsi, nisan da aka ja ne ke tafiyar da shi. Layi guda ne, animation-timeline. In ka ba shi scroll() zai auna daga farkon shafi zuwa ƙarshensa, shi ne na layin karatu. In ka ba shi view() zai auna tafiyar abu guda tun daga leƙowarsa ta ƙasan allo har ɓacewarsa ta sama. Da animation-range kake yanke sashen da kake so, ko lokacin shigowa, entry, ko lokacin fita, exit, ko tsawon tafiyar gaba ɗaya, cover. Babu JavaScript ko layi ɗaya, babu fayil ɗin da zai maƙale a hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne a Chrome, in transform ko opacity kake motsawa, ɗan dako ne ke riƙe da aikin daga farko har ƙarshe. Na gwada da gangan a wayar ƙanena: na sa wani kod mai nauyi ya danne babban layi, na ja shafi. Layin da aka yi da JavaScript ya daskare, na CSS ya ci gaba da bin yatsa kamar babu abin da ya faru. Ga waya mai rauni wannan babbar riba ce.

Matsalarsa ita ce wa zai gani. Safari sai a siga ta 26, a Satumbar 2025, ta karɓe shi, Firefox kuwa ta daɗe tana ajiye shi a bayan saitin gwaji. A nan dole mutum ya duba wayoyin da ke hannun mutanenmu da gaske. A Najeriya kowace burauza a kan iPhone, har Chrome, injin Safari take amfani da shi, wato WebKit, kuma ba ya sabuntuwa sai an sabunta iOS. iOS 26 daga iPhone 11 ya fara. iPhone XR da XS sun tsaya a iOS 18, iPhone X da 8 a iOS 16, kuma waɗannan su ne na hannun da suka cika shagunan Terminus a Jos da Banex a Abuja. A ɓangaren Android, wayar da ta tsaya a Android 6 ko ƙasa ba za ta taɓa samun Chrome 115 ba, ga kuma ɗimbin mutanen da suka kashe sabuntawa a Play Store don kada ta cinye musu data. Kwamfuta ma ba ta tsira ba: Chrome 109, na Janairun 2023, shi ne na ƙarshe ga Windows 7 da 8.1, kuma duk wanda ke shiga shagunan buga takardu na kusa da Jami'ar Jos ya san tsofaffin kwamfutoci ba su ƙare ba.

Duk da haka ban ɗauki wannan a matsayin dalilin guje masa ba, saboda yadda yake faɗuwa in ya faɗi. In ka nannaɗe dokokin motsin a cikin @supports, dokar da ke tambayar burauza ko ta iya abu, burauzar da ba ta san shi ba za ta tsallake su, shafi ya fito a tsaye, cikakke, ana karantawa. Mai iPhone XR bai ga kabeji yana tasowa ba, amma ya ga kabeji. In ba ka nannaɗe ba akwai haɗari: tsohuwar burauza za ta watsar da layin animation-timeline kawai ta gudanar da sauran, in kuwa ƙarshen motsin dusashewa ne, tana iya tsallakawa can ta bar abin a ɓace.

Ƙananan tarko biyu sun ci min lokaci. Na ɗaya, gajeren layin animation yana goge animation-timeline, don haka dole timeline ya zo a ƙasansa. Na biyu, in wani akwati da abin ke cikinsa yana da overflow: hidden, burauza tana ɗaukarsa a matsayin wurin ja, sai motsin ya ɗaure da shi ya ƙi tafiya. Sauya shi da overflow: clip yakan warware.

Yana da iyaka. Da CSS zalla ba za ka kunna bidiyo ko ka kira wani aiki ba sa'ad da mutum ya kai wani wuri. Yana bin yatsa gaba da baya, don haka "fito sau ɗaya ka zauna" ba ɗabi'arsa ba ce, wannan na IntersectionObserver ne. Kafe sashe guda a allo yayin da abubuwa ke canzawa a cikinsa yana yiwuwa da position: sticky da timeline mai suna, amma in abubuwan suka kai goma kowane da lokacinsa, CSS ɗin yakan yi tsawon da gyara shi bayan wata shida zai zama aiki.

GSAP da ScrollTrigger

GSAP tsohon hannu ne, Jack Doyle ya fara shi tun zamanin Flash a ƙarƙashin GreenSock, ScrollTrigger kuma ya fito a 2020. Kamfanin Webflow ya saye GreenSock a 2024, a Afrilun 2025 kuma aka mayar da komai kyauta, har da kayan da a da sai an biya kamar ScrollSmoother da SplitText. Ga wanda ya sha wahalar biyan dala da katin naira, wannan labari ne mai daɗi.

Ƙarfinsa a fili yake. Da pin kake kafe sashe, da scrub kake ɗaure motsi da yatsa, har ka iya ba shi daƙiƙa guda ya riƙa biyo baya a hankali don ya yi laushi. Da markers kake ganin daidai inda motsi zai fara da inda zai ƙare, abin da ke rage rabin wahalar gyara. Kana iya jera motsi talatin a kan layin lokaci guda, ka matsar da ɗaya sauran su bi. Yana aiki a Firefox, yana aiki a iPhone X. Ya kuma fi kod ɗin hannu wayo nesa ba kusa ba, domin yana lissafa wuraren farawa da ƙarewa tun farko ya ajiye, ba ya ta tambayar burauza a kowane motsi.

Sai dai har yanzu JavaScript ne, a kan dillali yake. Akwai gomomin kilobayit da za a sauke, waya kuma ta karanta su kafin komai ya motsa. In babban layi ya cushe, shi ma zai cije. Lissafin da ya ajiye tun farko ma yana iya zama matsala a sabis mai rauni: hotuna su sauka a makare, tsawon shafi ya canza, wuraren da ya auna su goce. Shi ya sa dole a rubuta wa kowane hoto faɗinsa da tsayinsa, don burauza ta keɓe masa gurbi tun bai iso ba.

Inda GSAP ya cancanci nauyinsa shi ne labarin da motsin ke cikin jikinsa. Tun da jaridar New York Times ta fitar da Snow Fall a Disambar 2012, rahoton da ya ci kyautar Pulitzer a 2013, gidajen jarida suke yin irin wannan. Ka ɗauka ana son ba da tarihin haƙar kuza a Filato: taswira a kafe a allo, kana ja tana matsowa daga Jos zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi, tafkunan da haƙa ta bari suna bayyana ɗaya bayan ɗaya, bayani yana sauyawa a gefe. A nan motsin yana koyar da abin da rubutu kaɗai zai sha wuya kafin ya nuna. Irin wannan aiki zan ɗauko masa GSAP ba tare da shakka ba. Amma a sauke shi don kawai hotuna shida su taso a shafin shagon atamfa, an ɗora wa mai waya kayan da bai saya ba.

Abu guda da nake ƙi gaba ɗaya, kowane kayan aiki aka yi shi da shi, shi ne ƙwace ja daga hannun mai karatu: ya ja kaɗan shafi ya yi tsalle zuwa sashe na gaba, ko ya ja da sauri shafi ya ƙi sauri. A kwamfuta yana ba da haushi. A waya kuwa mutum yakan ɗauka allonsa ne ya lalace.

Inda waya ta rabu da kwamfuta

Akwatin adireshi na burauzar waya yana ɓoyewa in ka ja ƙasa, ya dawo in ka ja sama, tsawon abin da ake gani yana canzawa a tsakiyar ja. Wanda ya ba sashe tsayin 100vh, wato cikakken tsayin allo, zai ga ƙasansa ya shige ƙarƙashin akwatin. A 2022 Safari 15.4 da Chrome 108 suka kawo svh, lvh da dvh: tsayin allo in akwatin yana nan, in ya ɓoye, da mai bin canjinsa. Ga sashen da aka kafe na fi son svh, domin dvh yana canzawa tare da akwatin, kowane canji kuma sabon lissafi ne a kan dillali. ScrollTrigger yana da saitin ignoreMobileResize saboda wannan matsala. Tsohuwar dabarar background-attachment: fixed, wadda ke sa hoton baya ya tsaya rubutu yana wucewa, a kwamfuta take aiki, a Safari na iPhone ba abin dogaro ba ce.

Hannu ma ba ɗaya ba ne. Tayar maus tana tafiya taki-taki, shi ya sa scrub mai laushi ke da amfani a kwamfuta. Yatsa kuwa wurgi yake yi, shafi ya tafi da gudu shi kaɗai, motsin da ka ɓata kwana uku kana tsarawa ya wuce cikin ƙiftawar ido. Allon kwamfuta a kwance yake, akwai gefe da gefe na sa taswira da bayani. Na waya a tsaye yake, siriri, babban yatsa ya rufe wani sashe. Saboda haka ba na ƙoƙarin matse motsin kwamfuta ya shiga waya. Da media query, mai duba girman allo a CSS, ko gsap.matchMedia a GSAP, nake ba kowane nasa, kuma na waya kullum ya fi gajarta.

Sai data da batir. Irin juyawar nan ta shafukan manyan kamfanoni sau da yawa jerin hotuna ne ake zanawa ɗaya bayan ɗaya. In hotuna 100 ne kowane kilobayit 50, megabayit 5 kenan kafin mutum ya ga farashi, a ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Haka yayyafa will-change, layin da ke gaya wa burauza abu zai motsa, a kan komai yana sa burauza ta ware wa kowane abu faifai na daban a ƙwaƙwalwa, waya mai giga 2 kuma ba ta da wannan sarari. Wayar takan yi zafi, caji ya zube, ga wuta ba kullum ba.

Akwai kuma waɗanda motsin ke sa wa jiri da tashin zuciya, musamman in hoton baya da na gaba suna tafiya da sauri daban-daban. Lokacin da iOS 7 ya fito a 2013 mutane da yawa sun koka da haka. Yau iPhone da Android da Windows duk suna da saitin rage motsi, burauza kuma tana isar da saƙon ta prefers-reduced-motion. Ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018 sun yi magana a kai a sashe na 2.3.3. A CSS layi biyu ne ka mutunta wannan roƙo, a GSAP sai ka tuna ka rubuta da kanka. Gwaggona tana cikin masu wannan larura, in shafi ya fara lilo ajiye wayar take ta rufe ido, don haka ba na mantawa.

To, wanne za a ɗauka? In shafin kasuwa ne, ko makaranta, ko asibiti, ko otal a Rayfield, inda abin da ake so bai wuce hotuna su fito da ɗan armashi ba, IntersectionObserver da transition sun wadatar, kuma su ne za su kai ga mafi yawan wayoyi. In akwai ƙaramin abin da ake so ya bi yatsa, layin karatu ko hoton da ke ɗan ƙara girma, a yi shi da CSS a cikin @supports, a yarda cewa wasu ba za su gani ba kuma ba su yi asarar komai ba. In labari ne mai taswira ko zane mai matakai da yawa, kuma dole ya yi aiki a Firefox da tsofaffin iPhone, GSAP ne, tare da sigar waya mai sauƙi. Haɗa na farko da na biyu a shafi guda shi ne abin da na fi yi yanzu.

Shi na yi wa Hajiya. Na cire kod ɗin hannu gaba ɗaya. Kwandunan suna tasowa sau ɗaya su zauna, farashi da maɓallin WhatsApp suna tsaye tun shafi na buɗewa, hoton gonar Bokkos da ke sama yana ɗan matsowa da CSS ga wanda burauzarsa ta iya. Kafin na miƙa, na rage ƙarfin kwamfutata sau shida a kayan gwajin Chrome, sannan na jona wayar yaron lodin da kebul na duba ta chrome://inspect, na kuma kashe JavaScript na tabbatar komai yana nan. Daga baya na sayi irin wayarsa ta hannu a Terminus, tana cikin jakata, kowane shafi sai ya bi ta kanta.

Hajiya ta ja sabon shafin a wayarta sau biyu, ta ce, "Ɗana, ina kwandon da ke juyawa?" Na ce, "Hajiya, a waya na cire shi, shi ne ke riƙe wa mutane farashi." Ta yi shiru kaɗan ta ce to a bar shi haka. 'Yar tata dai ba ta haƙura ba, tana so manyan kwastomomi masu otal a Abuja, waɗanda ke yin oda daga ofis, su ga kwandon yana juyawa. Mun tsaya a kan zan yi shi da GSAP ga allo mai faɗi kaɗai, fayil ɗin da hotunansa ba za su sauka a waya ba sam. Hotunan kwandon ta kowace fuska za mu ɗauka ranar Asabar, in kaya sun iso daga Mangu.